ƘASAR DA RUWA YAKE CIN DUTSE

Uwargida, ki leƙa cikin butar da kike dafa ruwan shayi. Idan ruwan rijiya ko na burtsatse kuke sha, mai yiwuwa ne ki ga wani farin ɓawo ya manne a gindinta, sai ka ce an yi mata shafen farar ƙasa. A gidanmu wannan ɓawo ya kusa raba wani bawan Allah da abincinsa. Maiɗakina ta ce ɗan garuwan da yake kawo mana ruwa ne yake ɗebo mana gurɓatacce, har ta yi niyyar sallamarsa. Shi kuwa magidanci ne mai 'ya'ya biyar, da wannan sana'a yake ciyar da su. Na roƙe ta ta dakata har in komo daga tafiya, gama a lokacin ina shirin kai wa ɗan ƙanwata ziyara a birnin Tiriyeste na ƙasar Italiya, inda yake karatun kimiyyar sinadarai.

Da na ba shi labarin butar sai ya yi dariya, ya ce, "Kawu, amsar tana bayan garin nan. Gobe sai mu hau tudu."

Tudun da ba shi da rafi

Tiriyeste tana bakin Tekun Adiriyatik. Daga bayanta ƙasa ta tashi tsaye, in ka hau sai ka tarar da wani shimfiɗaɗɗen tudu na farin dutse wanda ya miƙa har cikin ƙasar Silobeniya. Kafin 1991 Silobeniya yanki ce ta Yugoslabiya. Mutanen wurin suna ce da tudun Kiras, Jamusawa kuwa suna ce da shi Karst, wannan suna kuma shi ne masana suka ɗauka suka ba kowace ƙasa mai irin wannan hali ko'ina a duniya.

Muka yini muna yawo cikin ƙauyuka. Ko'ina ka duba dutse ne. Gidaje na dutse, shingen gonaki na dutse ne da aka jera ba tare da yumɓu ba, har rufin waɗansu tsofaffin ɗakuna da fale-falen dutse aka yi shi. Filin kuma cike yake da kwarurruka masu siffar akushi, waɗansu ƙanana, waɗansu kuwa za su ci filin ƙwallo. A gindin kowane akwai jar ƙasa, a nan manoma suke shuka dankalin Turawa da kayan lambu, gama a nan ne kaɗai ƙasa take da kauri.

Amma akwai abu guda da ban gani ba, wato rafi. Ruwan sama da suke samu a shekara bai gaza na Jos ba, ya fi na Kano nesa ba kusa ba, duk da haka ba fadama, ba ƙorama. Wani dattijo ya shigar da mu tsakar gidansa ya nuna mana abin da na ɗauka rijiya ce. Ashe rumbun ruwa ne da aka gina a ƙasa aka liƙe shi sosai, indararon dutse yana kawo masa ruwa daga rufin ɗaki. Ɗan ƙanwata ya yi mana tafinta. Dattijon ya ce a zamanin iyayensa da wannan ake sha, dabbobi kuwa suna da kududdufi wanda aka daɓe gindinsa da yumɓu. In bazara ta yi tsawo rumbun ya ƙafe, sai a ɗaura shanu a amalanke a tafi neman ruwa nesa. Yanzu dai akwai famfo a ƙauyukan, da inji ake jawo ruwan daga can ƙarƙashin ƙasa.

Na ce, "To, ruwan saman da yake sauka, ina yake zuwa?"

Dattijon ya buga ƙasa da sandarsa, ya nuna ƙasa da yatsa.

Kogin da ƙasa ta haɗiye

Kashegari muka tafi wani wuri da ake kira Shikotsiyan, a gefen tudun nan. Akwai kogi a can mai suna Reka, kalmar kuwa ma'anarta "kogi" ce kurum a harshensu. Daga mafarinsa yana gudu a sarari kamar kowane kogi, domin yana bin kan dutsen yashi da laka wanda ruwa ba ya iya narkarwa. Amma da ya taka farin dutse sai ya nufi gindin wani babban gangare, ya kutsa cikin rami, ya ɓace.

Muka bi ja-gora muka shiga. Hanyar tana manne da bango, kogin yana ruri can ƙasa cikin duhu. Muka haye wata siririyar gada wadda take wajen mita 45 bisa ruwan. Ban ɓoye muku ba, gwiwoyina sun yi rawa, na riƙe ƙarfen gadar da hannu biyu. Daga nan kogin yakan yi tafiyar fiye da kilomita 30 a ƙarƙashin tudun, sa'an nan ya ɓullo kusa da teku a ƙasar Italiya, inda ake kiransa Timabo. Wato mutanen Kiras sun yi ɗaruruwan shekaru suna fama da ƙishi, alhali kogi yana wucewa a ƙarƙashin ƙafafunsu. A 1986 hukumar UNESCO ta sa waɗannan koguna na dutse cikin wuraren gādon duniya.

Yadda ruwa yake cin dutse

Da muka fito muka zauna a inuwa, na ce wa yaron, "Ɗana, na gani da idona, amma ban gane ba. Wane irin ruwa ne yake huda dutse haka?"

Ya sayo ruwan kwalba mai kumfa, ya ajiye a gabana, ya fara bayani. Ga abin da na riƙe.

Wannan farin dutse shi ne dutsen farar ƙasa, irin wanda ake fasawa a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a Jihar Gombe, da Malbaza a Nijar, ana ƙonawa ana yin siminti. Masana suna kiran sinadarinsa kalshiyam kabonet. Ba baƙo ba ne a gidajenmu, gama shi ne ɓawon ƙwai, shi ne katantanwa, shi ne wuri. Dutsen kansa ma daga ɓawon halittun teku ya taru, ya danne juna, ya daskare. In ka duba bangon gidajen Kiras da kyau za ka ga zanen ɓawon a jikin dutse, haka kuma ake samu a na Kalambaina.

A cikin tsabtataccen ruwa zalla wannan dutse ba ya narkewa sai ɗan kaɗan ƙwarai. A ce ka cika duro mai cin lita 200 da irin wannan ruwa. Gishirin da zai iya narkewa a ciki ya kai kilo 70, wato ya fi buhu guda na kilo 50. Amma na dutsen farar ƙasa bai kai giram 3 ba, wajen rabin ƙaramin cokali ke nan. Da a ce iyakar ƙarfin ruwa ke nan, da Reka yana bisa ƙasa har wa yau.

Abin da yake ba ruwa haƙori wata iska ce, kabon dayoksaid, bari mu ce da ita iskar kabon. Ita ce muke fitarwa sa'ad da muke numfashi, ita ce take tashi daga wutar gawayi, ita ce kuma kumfar da take cikin kwalbar da yaron ya ajiye a gabana. In ta shiga ruwa sai ruwan ya yi ɗan tsami, tsamin da harshe ba ya cika ji, amma dutsen farar ƙasa yana ji. A sararin sama ba ta da yawa, wajen kashi 4 ne cikin 10,000. Ruwan sama yakan sha kaɗan daga cikinta yana saukowa, da wannan kaɗai duron nan zai iya narkar da wajen giram 10.

Babban aikin kuwa a cikin ƙasar noma ake yinsa. Saiwoyin itatuwa suna numfashi, ganyaye suna ruɓewa, ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna ci suna fitar da iska. Saboda haka iskar kabon da take tsakanin ɓurɓushin ƙasa takan ninka ta sarari sau 10, wani lokaci har sau 100. Ruwan da ya ratsa irin wannan ƙasa yakan isa kan dutse a ƙoshe da ita, duron nan kuma sai ya ɗauki giram 40 zuwa 60. Dutsen yakan juye ya zama wani sinadari mai saurin narkewa, kalshiyam baikabonet, ya bi ruwan ya tafi, ruwan kuwa garau, ba wanda zai ce yana ɗauke da dutse.

Saboda 'yan makaranta, ga yadda ake rubuta shi:

CaCO₃ + H₂O + CO₂ ⇌ Ca(HCO₃)₂

Dutsen farar ƙasa yana da tsage-tsage tun asali. Ruwa yakan bi tsagar da ba ta fi kaurin gashi ba, ya lashi gefenta. Da ta ɗan buɗe sai ruwa ya ƙaru, da ruwa ya ƙaru sai ci ya ƙaru. A kwana a tashi tsaga ta zama kafa, kafa ta zama rami, har kogi ya sami hanya, ya zo da yashi da tsakuwa su ƙara goge bangon. Kwarurrukan nan masu kama da akushi ma wuraren da ruwa ya fi nutsewa ne. Jar ƙasar gindinsu kuwa, da yawanta laka ce da tsatsar ƙarfe waɗanda ba su narke ba, suka saura a baya.

Sa'an nan yaron ya sa yatsa a kan alamar da take tsakiyar rubutun, ya ce, "Kawu, ka lura da kibiyar nan, kai biyu gare ta. Abin da ruwa ya ci, yana iya mayarwa. Gobe za ka gani."

Fostoina, inda ruwa yake biyan bashi

Garin Fostoina yana kan hanyar Lubliyana, babban birnin ƙasar. A nan wani kogi mai suna Fibka ya haƙa ramummuka da aka auna tsawonsu ya kai kilomita 24. Tun da daɗewa mutane sun san bakin kogon. A 1818, ana shirin tarbar sarkin Ostiriya, wani ma'aikaci mai kula da fitilu, Luka Cec, ya hau wani dutse ya gano manyan zauruka na ciki. A 1819 aka buɗe wa baƙi. A 1872 aka shimfiɗa dogo a ciki, a 1884 kuma aka sa wutar lantarki.

Wajen kilomita 5 ne ake nuna wa baƙi, mafi yawa a cikin wani ɗan jirgin ƙasa marar rufi, sauran da ƙafa. Rani da damina sanyin ciki ba ya sākewa, yana wajen digiri 10, kamar asubar Jos a tsakiyar hunturu. Na ƙi jin shawarar yaron na shiga da 'yar shara, kafin mu fito haƙorana suna kaɗawa.

Kusa da ƙofa bangon baƙi ƙirin ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus sun ɓoye gangunan man jirgin sama a wurin. A watan Afrilu na 1944 mayaƙan sa-kai na ƙasar suka lallaɓa suka cinna musu wuta, ta yi kwana bakwai tana ci. Har yanzu tabon yana nan.

Da jirgin ya wuce nan sai na rasa ta cewa. Daga rufi duwatsu suna reto, daga ƙasa waɗansu suna tsirowa suna nufarsu, bari mu kira su haƙoran sama da haƙoran ƙasa. Inda suka haɗu sun zama ginshiƙi. Akwai zauren da rufinsa yake cike da sirara kamar taliya, kowane da rami a tsakiyarsa da ɗigon ruwa a bakinsa. Akwai masu kama da labule, har hasken fitila yana ratsa su. Waɗansu farare fat, waɗansu ja-ja saboda laka da tsatsar ƙarfe da ruwa ya kawo. Wanda suka fi alfahari da shi wani farin haƙorin ƙasa ne mai tsawon mita 5, sun ba shi suna mai ma'anar lu'ulu'u.

Na ɗauka ruwan ne yake bushewa ya bar dutse a baya, kamar yadda gishiri yakan saura a gindin kwano. Yaron ya ce ba haka ba ne, gama iskar kogon jiƙe take, abu ba ya bushewa a ciki. Ga abin da yake faruwa. Ruwa ya baro ƙasar noma a ƙoshe da iskar kabon, ya ɗauki dutse gwargwadon ƙarfinsa. Da ya ɗigo cikin kogo sai ya tarar da sarari inda iskar kabon ba ta da yawa kamar a cikin ƙasa. Sai tasa ta fara fita, kamar yadda kumfa takan tsere in an buɗe kwalba. Da ta fita, ƙarfin riƙon ruwan ya ragu, sai ya sauke ɗan abin da ya fi ƙarfinsa a bakin rufi, ya sauke saura inda ya faɗa.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Ja-gora ya ce a nan, a kan matsakaici, milimita 1 yakan ɗauki wajen shekara 10. Na dubi yatsana na lissafa, haƙori mai tsawonsa zai ci kusan shekara 700. Don haka ne aka hana taɓawa, balle karyawa. Maiƙon hannu yakan ɓata wurin, abin da yaro zai ɓalle cikin ƙiftawar ido kuma jikokin jikokinsa ba za su ga madadinsa ba.

A cikin jirgin komowa yaron ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kawu, butar Inna ma kogo ce ƙarama." Wuta tana korar iskar kabon daga cikin ruwa. Banda haka, dutsen farar ƙasa ya saɓa wa sukari, shi ruwan sanyi ya fi narkar da shi bisa ga ruwan zafi. Saboda haka duk sa'ad da aka tafasa ruwan da ya ratsa irin wannan dutse, sai ya sauke kayansa a gindin buta.

Abin da ido ba ya gani

Kafin a fita akwai wani kwarmin ruwa inda ake nuna wata halitta da take zaune cikin ruwan kogunan nan. Kamar tsaka take amma ta fi ta tsawo, wajen taƙi guda, fara sol, makauniya, tana iya yin shekaru ba ta ci kome ba, tana iya rayuwa kusan shekara 100. Mutanen dā da suka ga ambaliya ta fito da ita sun ɗauka 'yar dodo ce. A 2016 wata ta yi ƙwai a nan, fiye da 20 suka ƙyanƙyashe, ƙasar duka ta yi murna. Fatarta ba ta jure ƙazamin ruwa, don haka inda take raguwa mutane sukan san akwai matsala.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ta fi taɓa ni. Yaron ya ce a ƙasa mai yashi ruwa yakan tsiyaya sannu a hankali, wani lokaci bai fi taki ɗaya ko biyu a yini ba, yashin kuma yana tace shi. A ƙasar da ruwa ya huda ba haka ba ne. Masana sukan zuba rini marar lahani a wani rami su jira a bakin maɓuɓɓuga, sukan ga ya yi kilomita guda ko fiye a yini. Ba mataci a hanya. Abin da ka jefa a rami yau, wani zai sha shi jibi.

Ya ba ni labarin wani kogi mai suna Kurufa, can kudu maso gabashin ƙasar, wanda yake ɓuɓɓugowa daga gindin dutse, garau kamar idon zakara. A 1983, ana auna ruwansa da nufin a ja wa jama'a famfo, sai aka tarar da wata guba a ciki mai suna PCB, irin man da ake sa wa kayan lantarki. Wata masana'anta ce da take kusa ta yi shekaru tana zubar da shararta, har cikin kwarurrukan nan. Aka fasa jan ruwan, bayan shekaru masu yawa kuma ana ta samun gubar cikin laka da kifi. Kusan rabin ƙasar Silobeniya irin wannan dutse ne, wajen rabin mutanenta kuma daga cikinsa suke sha. A 2016 suka rubuta a tsarin mulkinsu cewa ruwan sha hakkin kowa ne.

Da na komo gida

Na tara iyali a tsakar gida. Na sa auta ta kawo ɓawon ƙwai, muka matsa masa lemun tsami, yara suka ga ƙananan kumfa suna tashi. Na ce musu iskar kabon ce take fita daga dutse. Sa'an nan muka zuba ruwan lemun tsami cikin butar muka bar ta ta kwana. Da safe ɓawon ya saki, aka ɗauraye, ta koma kamar sabuwa. Ruwan tsamiya ma yana yi.

Na faɗa wa maiɗakina cewa farin ɓawon nan dutse ne kurum, irin sinadarin da ƙashi da haƙori suke bukata, masana lafiya ba su ɗauke shi abin cutarwa ba. Illarsa ita ce yana hana sabulu kumfa, yana toshe bututu, yana sa buta ta ci itace. Ɗan garuwa ba shi da laifi, yana nan yana kawo mana ruwa har yau.

Amma na yi abin da ban taɓa yi ba, na bi shi har rijiyar da yake ɗiba. Ruwan garau ne. Sai dai taki goma sha biyu daga bakinta akwai wani tsohon rami inda unguwa take zubar da shara, har da matattun batura da baƙin mai, ga kuma salga a bayan katanga. Ma'aikatan lafiya sukan ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya, inda kuwa dutsen ƙasa yake da tsage-tsage, wannan ma ba lalle ya isa ba. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da gubar batir ko ta mai.

Muka kai maganar wurin mai unguwa. An hana zuba shara a ramin, an kwashe abin da ya kwasu, maganar salgar kuwa har yanzu ana kai da kawowa da mai gidan. Maigida, kai ma in ka sami sarari ran Asabar, ka bi ɗan garuwanku ka ga inda yake ɗibar ruwan da 'ya'yanka suke sha, ka auna da ƙafarka taki nawa ne daga nan zuwa juji.